Faifan Decca da makaɗin da aka ci moriyar gangarsa

Da safiyar ranar 1 ga Janairun 1962, wasu samari huɗu 'yan Liverpool, masu ƙungiyar kiɗa mai suna Beatles, suka shiga situdiyon kamfanin faifai na Decca da ke unguwar West Hampstead a Landan, suka rera waƙoƙi goma sha biyar, aka naɗa, aka ce su je za a neme su. Babbansu, John Lennon, shekararsa 21. Paul McCartney yana da 19, George Harrison 18, mai kiɗa musu ganga kuma, Pete Best, yana da 20. Bayan kamar wata guda amsa ta zo cewa kamfanin ba ya so. Shekarar ba ta ƙare ba sai da aka sallami mai gangar, kuma kafin a cika shekara uku babu sunan da ya kai na Beatles amo a duniyar waƙa.

Faifan nan yana nan har yau, duk mai waya a hannu zai iya saurarensa. Tun da ya fita hannun jama'a masu sauraro ke jayayya a kansa. Wasu na cewa mutanen Decca kurame ne, zinariya ta zo har ƙofarsu suka kore ta. Wasu kuma ba su damu da Decca ba, kunnensu na kan ganga, suna cewa ai ga hujja nan, duk wanda ya ji wannan kiɗa ya san dalilin korar Pete Best, a rufe magana. Na saurari faifan sau da yawa, kuma maganar rukuni na biyun ce ta fi tsaya min a rai, domin akwai gaskiya a cikinta, amma ana amfani da gaskiyar a wanke abin da bai wanku ba.

Ya kamata a fara da yadda suka isa ɗakin. Ranar jajibirin sabuwar shekara suka taso daga Liverpool a cikin wata motar ɗaukar kaya, abokinsu Neil Aspinall na tuƙi, ga dusar ƙanƙara, ga ɓatan hanya. Tafiyar ta ci musu kusan awa goma. Washegari suka je situdiyo, Mike Smith wanda zai ɗauki sautin ya makara, da ya zo kuma ya duba na'urorin ƙara sautin jitarsu ya ce ba su da kyau, sai dai su yi da na kamfani. Duk makaɗi ya san abin da wannan ke nufi. A ba ka kayan da hannunka bai saba da su ba, a ranar da kake ganin rayuwarka ta rataya a kanta, cikin ɗakin da babu ɗan kallo ko ɗaya. Yaran da suka saba da kulob mai cike da hayaƙi da ihu, sai ga su a gaban gilashi da jan fitila.

Ana jin wannan tsoro a faifan. Muryar Paul, wanda ya ja waƙoƙi bakwai, tana rawa a wasu wurare, a wasu kuma yana ƙawata ta fiye da kima kamar mai son burge surukai. John ya ja huɗu, kuma wanda ya san irin tsawar da ke cikin maƙogwaronsa a shekarun baya zai ji kamar an ɗaure shi. A kunnena George, ƙaraminsu, shi ya fi kowa sakin jiki a waƙoƙinsa huɗu. Zaɓin waƙoƙin ma ya cuce su. Uku kaɗai ne nasu na kansu, sauran duk na wasu ne, an haɗa na barkwanci da na soyayya irin ta iyaye da na rawa, don a nuna cewa sun iya komai. Wanda ya nuna ya iya komai a zama ɗaya, sau da yawa ana tashi ba a gane wane ne shi ba.

Saboda haka ba na cikin masu zagin Decca. Muna cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma mu da muke wannan hukunci mun riga mun ga Juma'ar. Mun san waƙoƙin da suka zo daga baya, sai mu koma faifan muna tsintar alamunsu. Mike Smith ba shi da wannan gata. A ranar ya gwada ƙungiyoyi biyu, aka ce ya ɗauki ɗaya, ya ɗauki Brian Poole and the Tremeloes, 'yan Dagenham da ke nan bakin Landan, waɗanda kiransu aiki ba sai an yi tafiyar yini ba. Su ma sun yi kasuwa daidai gwargwado. Manajan Beatles, Brian Epstein, ya ce shugaban sashen, Dick Rowe, ya gaya masa wai zamanin ƙungiyoyin jita ya kusa wucewa. Rowe ya musanta faɗin haka har ya bar duniya, amma maganar ta manne masa. Ba a cika tuna cewa shi ne ya ɗauki Rolling Stones a 1963 ba, kuma George Harrison ne ya ba shi shawarar. Faifan da aka ƙi ma bai tafi a banza ba. Epstein ya kai shi shagon HMV da ke titin Oxford don a mayar masa da shi faifan garmaho, mai aikin ya ji waƙoƙin nan nasu na kansu suka yi masa, ya haɗa shi da masu buga waƙoƙi na kamfanin EMI, daga nan hanya ta kai ga George Martin, mai shirya faifai a Parlophone, wani reshen EMI.

To, mu zo kan ganga.

Mu da muka tashi da kalangu a kunne ba sai an koya mana muhimmancin makaɗi ba. Duk wanda ya saurari Shata ya san cewa muryar tana hawa ne a kan abin da makaɗa suka shimfiɗa mata, in shimfiɗar ta karkace, komai daɗin muryar sai an ji. Da wannan kunnen na saurari Pete Best, kuma ba zan yi ƙarya don tausayi ba: kiɗansa a faifan Decca bai kai ba. Salo ɗaya yake maimaitawa daga waƙa zuwa waƙa, mai sauri da mai sanyi duk kusan bugu guda. In ya zo cike gurbi tsakanin baiti da baiti, sai ya yi ta mirgina sanda a kan ƙaramar ganga, irin mirginawar da ka ji a waƙar da ta gabata. Ba ya amsa wa mawaƙi. Makaɗi na ƙwarai yana sauraren mai waƙa, ya ɗaga shi in ya taso, ya sassauta in ya sauka. Pete yana riƙe lokaci ne kawai, wani sa'in ma riƙon yana kubce masa.

Kuma ba a Decca kaɗai aka ji haka ba. A watan Yunin 1961 a Hamburg, lokacin da suka yi wa mawaƙi Tony Sheridan kiɗa a ƙarƙashin mai shirya faifai Bert Kaempfert, an sa Pete ya bar babbar gangar da ake takawa da ƙafa, ya yi da ƙarama da farantan ƙarfe kaɗai. Ranar 6 ga Yunin 1962 kuma, a zamansu na farko a situdiyon EMI da ke Abbey Road, aka naɗi "Love Me Do" da shi. Wannan naɗin ya fi na Decca tona asiri. A tsakiyar waƙar ya canza bugu, canjin bai zauna ba, waƙar ta yi tangal-tangal kamar jakin da kaya ya goce masa. George Martin ya ji, ya gaya wa Epstein cewa in za a yi faifai na gaske, zai kawo makaɗin haya.

Har nan ina tare da masu cewa kunne ya yanke hukunci. Ringo Starr, wanda ya maye gurbinsa, ya fi shi, kuma fifikon ba ƙarami ba ne. Ringo ya daɗe yana kiɗa wa Rory Storm and the Hurricanes, sun san shi tun Hamburg a 1960 inda ƙungiyoyin biyu ke karɓa-karɓa a dandali ɗaya a Kaiserkeller, ya kuma taɓa zama a kujerar Pete a ranakun da ba shi da lafiya. Sun ɗanɗana, sun ji bambanci. Ƙungiyar da ke son ta yi nisa tana da haƙƙin neman makaɗin da ya fi dacewa da ita, ban ga laifi a nan ba. In kiɗa ya canza dole rawa ta canza.

Inda na rabu da su shi ne wurin da suke tsayawa. Suna jin faifan, su ce ya cancanci kora, su tashi. Kamar dai raunin bugun mutum ya isa ya share duk abin da ya biyo baya da duk abin da ya gabata.

Ga abin da ya gabata. A watan Agustan 1960 Beatles ba su da mai ganga, kuma an ba su aiki a Hamburg da sharaɗin su zo da shi. Masu ganga sun yi ƙaranci a Liverpool a lokacin saboda kayan na da tsada. Pete yana da sabbin ganguna da mahaifiyarsa Mona ta saya masa, yana kuma da damar shiga kwalejin horon malamai. Suka kira shi ana saura 'yan kwanaki tafiya, ya ajiye karatun ya bi su. Ranar 17 ga Agusta suka fara kiɗa a kulob ɗin Indra. Awa huɗu zuwa shida kowane dare, wurin kwanansu kuma wani ɗaki ne marar taga a bayan allon silima, kusa da ban-ɗaki. Da 'yan sandan Jamus suka tashi korarsu a ƙarshen shekarar, Pete da Paul aka kama tare aka sa a jirgi tare. Da suka dawo gida ba su da ko sisi, ɗakin ƙasa na gidan su Pete, wato kulob ɗin Casbah da Mona ta buɗe a 1959 a unguwar West Derby, shi ya karɓe su. Kafin Epstein ya bayyana a ƙarshen 1961, Pete da mahaifiyarsa ne ke karɓar waya, su nemo musu wasa, su yi cinikin kuɗi. Takardar da ta mai da Epstein manajansu ma a gidan su Pete aka sa mata hannu, ranar 24 ga Janairun 1962.

Kuma kada a ce wai tun asali ba ya da amfani a dandali. Bugun nan nasa mai nauyi, inda yake taka babbar ganga a kowane ƙidaya, shi ne ya dace da kulob mai hayaniya. Da suka dawo daga Jamus suka yi wasa a babban ɗakin taro na Litherland ranar 27 ga Disamban 1960, matasa suka bar rawa suka ruga gaban dandali, wasu makaɗan garin kuma suka fara kwaikwayon bugun. A farkon Janairun 1962, 'yan kwanaki bayan gwajin Decca, masu karanta jaridar Mersey Beat suka zaɓi Beatles a matsayin ƙungiya ta ɗaya a yankin, kuma Pete ne a kan ganga. Faifan Decca bai ɗauki wannan ba. Na'urar naɗar sauti ta wancan zamani ba ta son irin wannan duka, abin da ke girgiza bango a kulob shi ne ke ɓata faifai a situdiyo. Mutumin da ya shekara biyu yana koyon yadda zai cika ɗaki da ƙara, an kawo shi inda ake son taushi da daidaito, aka auna shi da awa ɗaya.

Sai kuma yadda aka yi korar, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

George Martin bai ce a kori kowa ba. Kawo makaɗin haya a situdiyo al'ada ce a Ingila a lokacin, ƙungiya ta ci gaba da wasa da nata a dandali, a faifai kuma wani ya buga, ba wanda ya sani. Hujja ita ce abin da ya faru da Ringo kansa. Ya buga "Love Me Do" ranar 4 ga Satumba, ba a gamsu ba, ranar 11 ga wata ya zo ya tarar an kawo Andy White, shi kuma aka miƙa masa ɗan kacau-kacau ya riƙa kaɗawa. Ba wanda ya ce a kori Ringo saboda haka. Maganar Martin ta zo ne ta tarar da shawarar da ke dahuwa a zukatan mutum uku, suka same ta a matsayin tsani.

Daga 6 ga Yuni zuwa 16 ga Agusta mako goma ne. A cikin makonnin nan suna hawa mota ɗaya da shi, suna wasa kusan kullum, wani lokaci da rana a kulob ɗin Cavern na Liverpool da dare a wani gari, suna cin abinci tare. Babu wanda ya ja shi gefe ya ce, Pete, ga abin da aka ce game da kiɗanka, ka gyara ko mu rabu. Daren 15 ga Agusta ya yi wasa da su a Cavern bai san na ƙarshe ba ne. Washegari da safe Epstein ya kira shi ofishinsa a shagonsa na faya-fayi mai suna NEMS, ya gaya masa cewa yaran suna son ya fita, Ringo zai shigo ranar Asabar. Su ukun babu wanda ya zo. Har ma aka roƙe shi ya rufa musu asiri ya buga wasannin da suka rage kafin Ringo ya iso. Ya amsa a cikin ruɗewa, da ya koma gida ya kasa, sai Johnny Hutchinson na ƙungiyar Big Three ya zauna a wurin. Ranar 18 ga Agusta Ringo ya fara a Port Sunlight. Ranar 5 ga Oktoba faifansu na farko ya fito, ya kai lamba 17 a jerin waƙoƙin Birtaniya. Tsakanin korar da fitar faifan kwana hamsin ne.

An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Ban san wata magana da ta fi wannan dacewa ba, kuma a nan gangar ta gaske ce. John Lennon da kansa ya amsa daga baya cewa ragwanta suka yi, suka tura Epstein ya yi abin da ya kamata su yi da bakinsu. Na girmama shi da ya faɗa, amma bai je ya faɗa wa wanda aka yi wa ba.

Akwai masu ba su uzuri da ƙuruciya, kuma uzurin yana da ɗan nauyi. Yaro ɗan shekara ashirin yana gudun ido, yana gudun kuka, musamman in zai fuskanci uwa irin Mona wadda ta ciyar da shi a gidanta. Akwai kuma masu cewa dama bai taɓa zama ɗaya daga cikinsu ba: shi mai shiru ne, su masu surutu da zolaya, in an tashi wasa yakan ware, da suka sauya gyaran gashi irin na abokansu Jamusawa shi ya bar nasa. Duk na yarda. Halin mutum na iya sa zama da shi ya yi wuya, kuma ƙungiyar kiɗa kamar gida ɗaya ce. Sai dai ƙuruciya tana wucewa. Sun girma, sun yi arzikin da ba a taɓa gani ba a sana'ar, sun yi waƙoƙi a kan ƙauna da zaman lafiya da duniya ta haddace, shekaru suka yi ta tafiya ba wanda ya taka zuwa West Derby. Shirun farko na tsoro ne, na yafe shi. Shirun da ya biyo baya na shekara da shekaru shi ne ban samo masa uzuri ba.

Mutanen Liverpool na lokacin sun ji abin a jikinsu. Magoya bayan Pete sun yi zanga-zanga a ƙofar Cavern suna kiran sunansa, a cikin hargitsin har George Harrison ya samu kumburin ido. Ranar 22 ga Agusta gidan talabijin na Granada ya ɗauki hoton ƙungiyar a Cavern, Ringo na kan ganga kwana huɗu da farawa, kuma a ƙarshen waƙar ana jin wani daga cikin jama'a yana ihu cewa Pete suke so. Wasu na fassara wannan da cewa kishi ne ya sa aka kore shi, wai ya fi su farin jini wurin 'yan mata. Farin jinin gaskiya ne, amma ban ɗauki wannan a matsayin dalili ba, faifan ya riga ya ba da dalilin da ya isa. Masu son Pete da ke musun raunin kiɗansa suna yi masa illa ba su sani ba, domin suna mai da shari'ar ta koma kan gwaninta, inda ba zai ci ba, alhali ƙararsa mai ƙarfi tana wani wuri.

Bai bar kiɗa nan take ba. Ya shiga ƙungiyar Lee Curtis, daga baya ta koma ɗauke da sunansa, kuma kamfanin da ya ɗauke su a 1964 shi ne Decca. Faifan bai yi kasuwa ba. Ya gwada Amurka, bai dace ba. A 1968 ya ajiye sanduna, ya kama aikin loda burodi a gidan burodi, daga nan ya samu aikin gwamnati a ofishin sama wa mutane aiki, inda ya yi kusan shekara ashirin. Ina yawan tunanin wannan: mutum yana loda burodi a mota da asuba, rediyo na kunne, muryoyin da ya kwana da su a bayan allon silima suna fitowa daga ciki. A garin da kowane lungu ke tuna masa. Ya yi aure, ya riƙe iyalinsa, kuma a hirarrakin da na gani ban ji yana zagin kowa ba. A 1988 ya koma kan ganga a wani taron masoya Beatles a Liverpool, daga nan ya kafa ƙungiyarsa tare da ƙaninsa.

Kuɗi sun zo masa a ƙarshe. A watan Nuwamban 1995 aka fitar da kundin Anthology 1, mai ɗauke da tsofaffin naɗe-naɗen ƙungiyar. Waƙoƙi goma a ciki da gangar Pete ne: uku daga Hamburg, biyar daga gwajin Decca, biyu daga zaman 6 ga Yuni. Kundin ya sayu ƙwarai, aka biya shi haƙƙinsa, shekara talatin da uku bayan safiyar nan a ofishin Epstein. Na ji daɗin wannan har raina, duk da cewa haƙƙi ne doka ta wajabta, ba kyauta ba. Amma a dubi bangon kundin. An yi shi ne da yagaggun hotuna da aka liƙa wani kan wani, a tsakiya akwai wani tsohon hoton su huɗu na zamanin Hamburg. John na nan, Paul na nan, George na nan. Wurin kan Pete an yage, fuskar Ringo ce ta leƙo ta ramin. Jikinsa kaɗai aka bari, a bangon kundin da ake sayarwa da kiɗansa a ciki.

A 2008 ƙungiyarsa ta fitar da kundi mai suna Haymans Green, sunan layin gidan mahaifiyarsa inda Casbah yake. Hoton da ya sa a bangon shi ne guntun nan da aka yage, fuskarsa yana ɗan saurayi.